Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malam Nuhu Ribadu, Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Harkokin Tsaro

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne a kan ta'addancin da ake yi da sunan Musulunci, wanda ya addabi duniya tun daga duwatsun Afganistan har zuwa gaɓar Tafkin Chadi. Na zaɓi in yi maganar a bainar jama'a saboda ta shafi masunci a Baga kamar yadda ta shafi manomi a Tangaza.

Duk wanda ya bi tarihin wannan fitina zai ga cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An kafa Alƙa'ida a Peshawar a 1988, a ƙarshen yaƙin da aka yi da Tarayyar Sobiyet, sa'ad da dubban mayaƙa suka saba da bindiga kuma ba su da gwamnatin da za ta karɓe su. Bayan harin 11 ga Satumba 2001, wanda ya halaka mutane kusan 3,000, Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003, ta rusa rundunar sojan ƙasar, ta bar dubban ƙwararrun sojoji ba albashi ba mutunci, sannan ta tara fursunoni a sansanin Bucca, inda Abubakar al-Baghdadi ya zauna a 2004. Shekara goma bayan haka, mutumin nan ya hau mumbari a Mosul yana kiran kansa halifa. A nahiyarmu kuwa, faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makaman Libiya, kuma a shekarar da ta biyo baya Tumbuktu da Gao da Kidal suka faɗa hannun 'yan bindiga. A 2024, fiye da rabin mutanen da ta'addanci ya kashe a faɗin duniya a yankin Sahel aka kashe su, wato a bayan gidanmu.

Ba na cikin masu cewa aƙida ba ta da laifi. Aƙidar kafirta Musulmi da halatta jininsa gaskiya ce, kuma malamanmu sun gan ta tun tana ƙarama. Marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a kan wa'azin Muhammad Yusuf, wanda ya kafa Boko Haram, kafin a harbe Sheikh ɗin a masallacinsa na Ɗorayi a 2007, Sheikh Auwal Albani Zariya ma ya biya da ransa a 2014, kuma a watan Nuwamba na 2014 ɗin aka tayar da bam a Babban Masallacin Kano ana sallar Juma'a, mutane fiye da ɗari suka rasu. Wanda ya kashe masallata a sahu bai bar wa kowa shakka game da wanda ya ɗauka abokin gabarsa ba. Amma tambayar da ta dace da ofishinka ita ce, me ya sa matashi yake amsa kiran?

Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hira da tsofaffin mayaƙan irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka, kuma a rahotonta na 2017 kashi 71 cikin ɗari sun ce abin da ya tura su ƙarshe shi ne wani aiki na hukuma, kamar kashe ɗan'uwa ko kama aboki, fiye da rabinsu kuma sun yarda cewa iliminsu na addini kaɗan ne ko babu. A rahoton 2023, neman aikin yi ne ya zo kan gaba cikin dalilan shiga, addini ya zo na uku. Mu da muka ga yadda aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri a ƙarshen Yuli 2009, ba tare da an gurfanar da shi gaban alƙali ba, ba mu bukatar a fassara mana waɗannan alƙaluma. Da an yi masa shari'a a fili, da mabiyansa sun ji hujjarsa tana rushewa. Aka kashe shi, sai Abubakar Shekau ya gaji gawa da labarin ramuwa. Ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoto a 2015 cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji, da yawansu a barikin Giwa. Aka zo aka jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a 2017, sannan a taron Maulidi a Tudun Biri a Disamba 2023. Na san sojojinmu suna mutuwa a fagen daga, na san iyalansu ma suna kuka, kuma ina girmama sadaukarwarsu. Sai dai kowane kuskure irin wannan da aka bari ba hukunci ba diyya, kyauta ce aka miƙa wa mai neman mayaƙa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ISWAP, reshen ƙungiyar al-Baghdadi a Yammacin Afirka, wadda ta ɓalle daga Shekau a 2016, ta gane abin da gwamnati ta manta. A tsibiran Tafkin Chadi tana karɓar haraji daga masunta da makiyaya, tana yanke hukunci tsakanin masu rigima, tana kuma barin kasuwa ta ci. Talakan da bai taɓa ganin alƙali ko malamin asibiti na gwamnati ba, in aka ce ya zaɓa, to an sa shi cikin tsaka mai wuya. Irin wannan ƙofa ce Lakurawa suka bi a Sakkwato, inda rahotanni suka nuna cewa da farko wasu al'ummomi ne suka karɓe su domin su kare su daga ɓarayin shanu, kafin su juya su fara karɓar zakka da bulala.

Asarar kuwa ta wuce ƙidayar gawarwakin da ake gani a labarai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin arewa maso gabas ya ci rayuka kusan 350,000, mafi yawansu ba harsashi ne ya kashe su ba, yunwa da cuta ne, kuma galibinsu ƙananan yara. Fiye da mutum miliyan 2 sun bar gidajensu. Manoman shinkafar Zabarmari da aka yanka a Nuwamba 2020 sun fita neman abinci ne kawai, kuma har yanzu akwai iyaye a Chibok da ke jiran 'ya'yansu tun 2014. Ga kuma tabon da aka shafa wa Musulmi a duniya, wanda ɗalibi ko ɗan kasuwa ke ji a jikinsa duk lokacin da aka ware shi gefe a filin jirgin sama saboda sunansa.

Ranka ya daɗe, abu biyu nake roƙo. Ka sa a gaggauta shari'ar waɗanda ake tsare da su, kamar yadda aka fara a Kainji a 2017, mai laifi a hukunta shi a fili, marar laifi a sallame shi da abin da zai fara rayuwa, a kuma bayyana sakamakon binciken Tudun Biri ga jama'a. Sannan ka yi duk abin da za ka iya a maido da aiki tare da Nijar, wadda ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a Maris 2025. Saɓanin Abuja da Yamai tun juyin mulkin Yuli 2023 na 'yan siyasa ne, amma iyakar da ke tsakanin Diffa da Damasak, ko tsakanin Konni da Illela, mayaƙa ne ke ƙetare ta kullum a kan babura, kuma sun san wane ɓangare ne ba a tsaro. A tura manzanni, a sa sarakuna da malamai na ɓangarorin biyu cikin maganar, tunda su ba su taɓa yanke zumunci ba, a fara ko da da musayar bayanan sirri kafin a kai ga sintiri tare.

Allah ya yi maka jagora a wannan nauyi da ke kanka. Wassalam.

Naka,
Wani ɗan ƙasa daga arewa maso gabas