Rahoton ayyukan shekarar 2025 ga mambobin ƙungiyarmu ta masu amfani da intanet a Tahoua

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne.

Kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada, ga bayanin abin da muka yi a shekarar 2025 da abin da ya gagare mu. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa daban. Nawa na aiki ne, kuma kusan dukan aikin bana ya tafi a kan abu ɗaya: shigar intanet cikin gidaje.

Waɗanda aka fara tafiyar nan da su sun san kukanmu na farko. Mutum ya sayi mega da safe, kafin azahar ta tsiyaye kamar ruwa a kwando, bai san inda ta bi ba. Bana magana ta sauya. Akwatin wifi na kamfanonin salula, wanda ake sa wa layi a jona shi da wuta, ya yawaita a unguwanni, kuma kuɗinsa ya sauko inda ƙaramin ma'aikaci zai iya leƙawa. Kamfanoni huɗu ne ke gasa a ƙasar nan: Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da ya gaji Orange bayan cinikin 2019, da Niger Telecoms na gwamnati da aka haɗa daga Sonitel da SahelCom a 2016. Sai ga na biyar ya sauko daga sama. Gwamnati ta sa hannu da Starlink, kamfanin da ke kawo intanet ta tauraron ɗan'adam zuwa wani faranti da ake kafawa a kan gida, a watan Oktoba na 2024, aka buɗe aikinsa a hukumance a watan Maris na 2025. Tun kafin nan ma mun riƙa ganin farantin a kan wasu soraye, domin maƙwabciyarmu Najeriya ta samu nata tun farkon 2023, kuma tsakaninmu da Konni da ke bakin iyaka ba wata tafiya ba ce.

Abin da mutane suka ce

A watannin farko mun raba kanmu, muka bi gidajen mambobi da na waɗanda ba mambobi ba, a Wadata da Sabon Gari da Bilbis da sauran unguwanni, muna tambaya muna saurare. Farin ciki ne ya fi yawa, kuma ba zan rage masa komai ba.

Kowa ya san Adar ƙasar ƴan bida ce. Da wuya ka shiga gida a garin nan ba ka tarar da mai ɗa ko miji ko ƙane a Abidjan, ko Libiya, ko Legas ba. A wani gida mun tarar da wata dattijuwa zaune kan tabarma, jikarta ta riƙe mata waya, ɗanta na magana daga Abidjan yana ɗaga jaririn da aka haifa masa. Hoton ya ɗan dushe, sai ta kama gefen zanenta ta goge gilashin wayar, tana cewa a matso mata da yaron. Da aka gama na ce, "Inna, yaya kika ga abin?" Ta ce, "Ɗan nan, da can gaisuwa muke a tsaye, ina kwana, lafiya lau, kuɗi sun ƙare. Yau har na ga kunnensa irin na kakansa ne." Wannan ganin kunnen shi ne ribar da ba ta shiga lissafin kowane kamfani.

Dillalan albasa sun gaya mana yanzu hoton buhu da bidiyon lodi suke tura wa abokan cinikinsu na Gana da Kodebuwa tun mota ba ta bar Galmi ba. Teloli na ɗauko sabon yayi kafin sallah. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, waɗanda da sai sun jira tsakar dare su sauke darasi, yanzu suna yi da rana a ɗaki.

Amma a nan ne ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya game da kalmar araha. Albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar nan jaka 42 ne a wata tun 2024, kuma da yawa daga cikin mutanenmu ko wannan ba su da tabbacinsa. Mai irin wannan samu, sai ya tara albashin watanni kafin ya sayi farantin tauraron ɗan'adam, ban da kuɗin wata. Abin da muka gani da idonmu shi ne, arahar ba daga kamfani kaɗai ta zo ba, mutane ne suka ƙirƙire ta. Gida uku ko huɗu masu katanga ɗaya su haɗa kuɗi kamar adashi, a ajiye akwatin a gidan da ya fi tsaka. Ƴan fada su yi karo-karo kamar yadda suke yi na shayi da sukari. Wani ya sa faranti a shagonsa yana sayar da awa. Inda aka haɗa kai, abin ya yi sauƙi ƙwarai. Wanda ya tsaya shi kaɗai, har yanzu yana jin nauyinsa a ƙarshen wata.

Haɗin gwiwar kuma bai rasa rigima ba. Sulhun da muka yi bana tsakanin maƙwabta ya fi wanda muka yi da kamfanoni yawa. Wannan ya ce ƴaƴan wancan sun cinye ƙarfin da kallon bidiyo, wancan ya ce shi ne ke biyan wutar da akwatin ke sha ba a rage masa komai ba. Akwai gidan da aka rubuta lambar sirri da gawayi a bangon zaure don kada a manta, cikin kwana biyu yaran layin duka sun jeru a jikin katanga da dare, hasken waya a fuskokinsu. Daga nan ne muka tsara ƴar takardar yarjejeniya da Hausa, shafi ɗaya, mai faɗin wanda ke riƙe da akwati, ranar biya, yawan wayoyin kowane gida, da abin da za a yi in wani ya fita. Duk inda aka cika ta ba a sake kiran mu ba. Muna kuma tunatar da masu sayar da awa su karanta sharuɗɗan kamfaninsu su nemi bayanin abin da doka ta yarda da shi, kada sana'a ta zama abin kamu.

Maganar "mara iyaka"

Wannan ce ta fi cin lokacinmu. Wani malamin makaranta daga cikinmu ya sayi akwati a hannun wakilin wani kamfani, an ce masa ba shi da iyaka. Kwanakin farko abin na gudu kamar iska. Wata na rabawa sai ya koma tafiyar hawainiya, ko saƙon murya sai ya yi ta juyi. Ya je ya yi magana aka ce rezo ne. Wata na biyu haka, daidai wannan lokaci. Da ya kawo mana, muka tambaye shi takardar da ya sa wa hannu, ya ce ba a ba shi komai ba sai kwali. Muka raka shi ofishin kamfanin, muka zauna har aka fito da sharuɗɗan. Ga shi nan a ƙasa, da Faransanci, da ƙananan baƙaƙen da sai ka kanne ido: in ka kai wani adadi, za a rage maka gudu har ƙarshen wata. Ba a yanke maka ba, saboda haka a wurinsu ba su yi ƙarya ba. A wurin mai saye kuwa, an sayar masa da doki ne aka ba shi jaki a rabin hanya.

Da muka ba da labarin a taro, hannuwa suka yi ta tashi. Ashe ba shi kaɗai ba ne, kuma ba kamfani ɗaya ba ne. Matsayinmu a kan wannan bai sauya ba: a faɗa wa mutum adadin da baki, da harshen da yake ji, kafin ya miƙa kuɗinsa. Yawancin masu sayen nan ba su karanta Faransanci, kuma wakilan da ke sayarwa Hausa suke yi da su. Wanda ya iya tallar da Hausa ya iya faɗin sharaɗin da Hausa.

Darasi na biyu ya fi ɗaci. A cikin ƙorafe-ƙorafen da muka bi, waɗanda aka share wa hawaye su ne masu rasit, ko saƙon biya da ba su goge ba, ko hoton gwajin gudu mai ɗauke da rana da lokaci. Wanda ya zo da baki kawai, ko yana da gaskiya, mun dawo da shi hannu rabbana. Idan kamfani bai saurara ba, akwai hukumar ARCEP da aka kafa a 2018 don sa ido kan harkar sadarwa da gidan waya, amma can ma hujja za a tambaya.

Ranar 15 ga Maris, ranar kare haƙƙin masu saye ta duniya, mun yi zaman koyarwa, kuma ina ganin shi ne aiki mafi amfani da muka yi. Mun nuna cewa megar da ke jikin talla ba ita ce megar da kake gani lokacin sauke abu ba: ta talla sai ka raba ta gida takwas, wato layin da aka ce 10 ne, mega ɗaya da kwata yake saukewa a daƙiƙa in komai ya tafi daidai. Mun nuna ma'anar "har zuwa", cewa rufi ne ba alkawari ba. Mun nuna cewa akwatin layi daga eriyar unguwa yake sha, shi ya sa yake sanyi bayan isha lokacin da kowa ya hau, kuma sau da yawa ɗauke shi daga ƙuryar ɗaki zuwa taga ya isa ya gyara rabin matsalar. Farantin Starlink kuwa yana magana ne da taurarin da ke yawo kimanin kilomita 550 a sama, kusan nisan Tahoua zuwa Yamai, don haka yana son sarari ba reshen bedi a kansa, kuma ruwan sama mai ƙarfi na iya tsinke shi na ɗan lokaci.

Wuta da zafi

Intanet ɗin gida ba ta aiki sai da wuta, kuma wannan ne bai fito a kowace talla ba. Tun da Najeriya ta yanke wa ƙasar nan lantarki a watan Agustan 2023 kowa ya koyi darajar batir. A bazarar bana mambobi da dama sun biya kuɗin wata cur amma rabin yini akwatin a mace yake. Ƙaramin akwati ɗan batir da ƙaramin allon sola sun riƙe shi. Faranti ya fi shi ci nesa ba kusa ba, don haka mai niyyar saye ya sa kuɗin sola cikin lissafi tun farko. Zafin Afrilu da Mayu ma ya kashe akwatuna. Na shiga wani ɗaki na tarar an ɗora akwati kan talabijin, ƙarƙashin kwano, an lulluɓe shi da ɗankwali saboda ƙura, ka taɓa shi kamar dutsen guga. Mun roƙi masu gyaran waya biyu daga cikinmu suka zagaya suna nuna inda ya dace a ajiye shi. Allah ya saka musu da alheri, ko sisi ba su karɓa ba.

Ƙasarmu ba ta da teku, intanet ɗinmu ta ƙasashen gaɓa take biyowa, kuma mun ɗanɗana hakan ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma. Shi ya sa muke bin labarin babban layin zaren gilashi na ƙetare Sahara, wanda Bankin Raya Afirka ya sa wa kuɗi, mai fiye da kilomita 1000 a cikin Nijar. Fatanmu shi ne zaren ya wuce bakin ofisoshi ya shigo lunguna.

Kukan iyaye

Ba kowa ne ya yi murna ba. Iyaye mata sun fi kowa kawo kuka: yaro ya kwana kan TikTok, asuba ta gagare shi, makaranta ta gagare shi. Wani dattijo ya ce mana, "Malam, da ina rufe ƙofar gida in san na rufe. Yanzu na rufe ƙofa, duniya na cikin ɗaki." Ba mu da amsar da ta wuce abin da muka iya: mun koya wa iyaye sauya lambar sirri, duba wayoyin da ke kan akwati, da zare shi daga wuta in dare ya yi. Mun kuma ja kunnen matasa kan dokar laifukan intanet ta 2019, wadda gyaran 2024 ya maido mata da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi. Tura abin da ba ka tabbatar ba yana iya kai ka inda ba ka zata ba. Haka ƴan damfara masu kira su ce ka ci kyauta ka turo lambar da ta shigo maka, su ma sun ƙaru, kuma tsofaffi suka fi nema.

Abin da ba mu yi ba

Mun yi alkawarin kai zaman koyarwa Keita da Bouza da Abalak. Ba mu je ba, saboda kuɗin mota da kuma halin hanya. Zaman mata sau ɗaya kawai aka yi, kuma laifinmu ne, mun sa shi bayan la'asar lokacin da tukunya ke kan wuta. Shugabar mata ta ce a mayar da shi hantsi, kuma mace ta jagorance shi. Mun karɓa. Kuɗin wata na mambobi ya ja baya sosai, ma'aji zai yi bayani.

A shekara mai kamawa kwamiti na neman amincewarku kan abu biyu: mu rubuta wa kamfanonin duka da ARCEP takarda ɗaya kan bayyana sharuɗɗa da harsunan ƙasa a wurin saye, sannan mu naɗi bayanin megar nan da murya, da Hausa da Tamajak, don a riƙa turawa ta WhatsApp ga waɗanda ba su karatu. Muna neman mai jin Tamajak sosai da zai ba da muryarsa. Masu ƙorafin da ba a kammala ba, ku zo taro da rasit ɗinku da kwalin akwatin, domin lambar da ake tambaya tana jikinsa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a cikin shekarar, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.
Magatakardan ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa, Tahoua