A daina kamun kifi da gidan sauro a Gulbin Rima

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili. Ran Juma'ar nan da ta wuce na bi ta gadar Kwalkwalawa sai na hangi wasu samari cikin ruwa suna jan gidan sauro, abin da sunka kwaso duk 'ya'yan kifi ne ko tsawon yatsa ba su kai ba, wallahi har na iso gida raina bai yi daɗi ba.

Ni a bakin gulbin nan na tashi. Kakana, Allah shi jiƙan shi, shi ya fara saka ni jirgi ina ɗan shekara 9, da an sallame Asuba zai ce in ɗauko gora mu tafi, ga sanyin hunturu ga hazo ko gaɓar can ba ka gani. Shi ya koya man jifan birgi, wato ragar da ake jefawa a ruwa, yadda za ka ciji gefe ɗaya da haƙori ka ɗora saura bisa hannu sannan ka juya jiki ka saki ya buɗe kamar faifai. Na fi wata biyu nawa yana faɗawa a dunƙule, bai taɓa yi man tsawa ba, sai dai ya ce jawo ka sake. Ranar da ƙurungu ya soke ni da ƙaya a tafin hannu ina kuka, shi ya matse jinin ya ɗaure da bakin rawaninsa, ya kamo wani ƙurungun da rai ya nuna man inda ake sa yatsu bayan ƙayoyin. Har yau tabon na nan. Kawuna kuma shi ne gwanin mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da yawa, da marece mu saka ta a ruwa, da safe mu ciro tarwaɗa.

Amma abin da nike son mutane su ji shi ne, Kaka in ya zazzage birgi a jirgi, duk ƙaramar karfasa da hannunsa yake tsince ta ya maida ruwa, ni kuwa ina jin haushi don ina son a soya man. Ragar shi ma mai faɗin ido ce, ƙananan ficewa suke.

Na san gulbin ba kamar da ba ne, tun da anka yi dam ɗin Goronyo ruwa bai malala fadama yadda ya saba, kuma can ne kifi ke zuba ƙwai da damina. Na kuma san talauci ke sa yaran nan haka, ba zagin su nike ba. To amma gidan sauron da anka raba don zazzaɓi, da masu zuba guba a ruwa kifi ya taso matacce a kai kasuwa mu saya mu ci da iyalinmu, wannan kam ya kamata a tsawata.

Ina roƙon Sarakunan Ruwa da hakimai da ma'aikatar da ke kula da harkar su ta jiha su zauna da masunta, a tsaida girman idon raga, a kuma hana kamun kifi lokacin da yake ƙwai. Argungu ga ta nan kusa, ai Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi, ba kullum ake barin a shige ta ba, shi ya sa ranar gasa ake fito da giwan ruwa.

Naku,
Wani jikan masunci, daga Sakkwato