Kira ga matasanmu masu haɗa manhaja

Malam Edita, assalamu alaikum.

Katin biki nake bugawa a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Mutum zai kawo aikinsa a filashi, mu buɗe, hoton ango da amarya ya ƙi fitowa, alhali yana ciki. Manhajar da aka haɗa katin da ita ce ta riƙe cikakken adireshin fayil ɗin hoton, tun daga C:\Users har sunan mai kwamfutar, sunan da babu shi a tawa. Harafin filashi ma canzawa yake, E a can, F a nan.

Don Allah, masu haɗa manhaja, ku sa adireshi ya faro daga jakar (wato folda) da aikin yake ciki. In kuwa dole sai jakar mutum, Windows na da %USERPROFILE%, alamar da ke tsayawa a madadin adireshin jakar mai kwamfuta, kowace kwamfuta za ta cike na mai ita.

Naku,
mai buga kati, Katsina