Tagogin Majami'ar San Deni da mai kula da su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi tsokaci a kan majami'ar San Deni da ke arewacin birnin Paris, saboda mu mazauna Jidda muna ganin gyaran da ake yi wa tsofaffin gidajen unguwar Balad, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014, kuma tarihin wannan majami'a ya shafi irin wannan aiki.

Asalinta wurin ibadar ruhubanawa ne, kuma maƙabartar sarakunan Faransa. Shugaban ruhubanawan Suger, wanda ya riƙe gidan daga 1122 zuwa rasuwarsa a 1151, shi ya sake gina sashen gabas, aka buɗe shi a 1144, kuma daga nan masana ke ƙirga mafarin salon ginin Gotik. Dabarar maginan ita ce sun ɗora nauyin rufi a kan bakan gizo mai tsini da siraran ginshiƙai, sai bango ya huta da kaya, aka farke shi aka cika da gilashi. (Irin wannan baka ya daɗe a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira tun ƙarni na 9.) Launin kuwa ba shafawa aka yi ba, a cikin narkakken gilashin aka zuba shi, kobalt ya ba da shuɗi, tagulla ta ba da ja, sannan aka yanka shi gunduwa-gunduwa, aka zana fuskoki da baƙin fenti aka gasa, aka harhaɗa da zaren dalma.

Abin da ya fi burge ni shi ne Suger ya naɗa wani gwani musamman don kula da tagogin da gyara su, ya yanka masa abin da zai ci. A ganina wannan ya fi shuɗin gilashin nasa daraja. Da juyin juya halin Faransa ya zo aka tone kaburburan sarakuna a 1793, aka kware dalmar rufin, daga baya aka cire gilasan, wasu suka farfashe, wasu suka ƙare a gidajen tarihi na Ingila da Amurka. Galibin abin da maziyarci ke gani yau aikin ƙarni na 19 ne.

Saboda haka ina roƙon jaridarku ta bincika mana ko akwai masu albashi na dindindin da ke kula da tagogin katako na Balad, waɗanda ake kira rawashin, da kuma tsofaffin gine-ginen ƙasa na Kano da Zariya.

Naku mai karatu,
daga Jidda, Saudiyya