Wasiƙa zuwa Tema: kada ka yar da injin fatsar nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da sauran 'yan uwa na zangon Ashaiman can Ghana. Mu nan Kano sai godiyar Allah, hunturu ya kankama, ƙura kuwa ba a magana.

Saƙonka ya iso ni, cewa injin fatsar da ka tafi da shi ya yi tauri, yana ƙara in kana naɗe zare, har kana shawarar sayen wani. Don Allah dakata. Na san injin nan, ya daɗe yana jawo mana tarwaɗa da karfasa a madatsar Tiga bai taɓa gardama ba. Ruwa ne ya canza masa. Na Tiga ruwan daɗi ne, naku kuwa teku, kowace lita da gishiri wajen giram 35. Ruwan zai bushe, gishirin ya maƙale a lunguna yana jawo laima, yana cin ƙarfe ko da injin na rataye a ɗaki.

Saboda haka babban aikin na ranar da ka dawo daga bakin teku ne, tun kafin ka zauna cin abinci. Ka ɗaure birkin da ke saman kwarkwaron zare tam, wato abin murɗawan nan da ke daidaita ƙarfin sakin zare, sannan ka zuba wa injin ruwa mai tsabta da buta, a hankali. Kada ka tsoma shi a bokiti, kada ka tara shi a bakin famfo mai ƙarfi, don ƙarfin ruwan tura gishiri da yashi yake yi can ciki. Ka goge da tsumma, ya sha iska a inuwa. In ya bushe sai ka sassauta birkin gaba ɗaya. Wanda ya ajiye shi a ɗaure, washoshin ciki matsewa suke yi su lafe, ranar da babban kifi ya ja sai birkin ya riƙa fizga maimakon ya saki zare sannu sannu, ka ji tas, zare ya tsinke.

Ƙarar da kake ji, ina kyautata zaton daga 'yar tayar nan take, wadda zare ke bi ta kanta a jikin lanƙwasasshen ƙarfen da kake ɗagawa kafin jifa. Ita ce ta fi kowa shan ruwan gishiri, ita kuma aka fi mantawa da ita. Taɓa ta da tsinken ashana ka gani ko tana juyawa. In ta cije, zare gogarta yake yi yana murɗewa yana cinyewa. Kusa ɗaya ce ke riƙe da ita. Kwance ta, ka jera ƙananan kayan yadda suka fito, ka wanke, ka ɗiga mai ɗigo ɗaya, ka mayar. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In taurin bai tafi ba, to sai an buɗe cikin. Shimfiɗa farin ƙyalle a faranti, ka samo kiret ɗin ƙwai, kowane abu da raminsa bi da bi, kuma duk abin da za ka cire ka fara ɗaukar hotonsa da waya. Akwai siraran washoshi a jikin babbar giya masu kama da ba su da amfani, alhali su ke daidaita haɗuwar haƙora. Ɗaya ya ɓata, injin ya dinga gurzawa. Notin da ke riƙe da kan da ke juyawa, a wasu injinan ta hagu ake ɗaure shi, don haka in ya ƙi kada ka sa ƙarfi. Tsohon buroshin haƙori da ɗan kananzir sun isa wanke giya, amma fetur kada ya kusanci roba.

Ga inda nake so ka natsu. Giris na haƙoran giya ne, shafa kaɗan, yadda ƙarfen zai yi sheƙi kawai. Mai marar kauri na boris ne da sandar tsakiya da mariƙi. In ba ka samu nasa na musamman ba, man keken ɗinki ya wadatar. Man gyaɗa da manja danƙo suke zama, man feshin nan na kwance tsatsa, WD-40, kuma wanke giris yake yi, ba ya maye gurbinsa. Sai boris ɗin nan guda da ke hana hannu komawa baya: shi kam kada giris ya taɓa shi, in ya taɓa sai ya riƙa sulɓewa daidai lokacin da kifi ya kama.

Zaren ma ka duba shi. Ja shi tsakanin yatsu, inda ka ji kaushi ka yanke, kuma kada ka bar shi a rana.

Turo mini lambar da ke jikin injin da hoton cikinsa in ka buɗe. In boris ya yi tsatsa, mai ba zai tashe shi ba, sai sabo. Auna shi ka faɗa mini girmansa in nema maka a Sabon Gari, in bai wa masu zuwa Accra su taho maka da shi.

Ka gaishe mini da mutanen gida duka. Abokan zuwa Tiga suna ta cigiyarka. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka na Kano