Ba Batir Kaɗai Ne Ke Kwantar Da Motar Haibirid Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini, mu yi magana kan motocin haibirid, wato masu haɗa injin fetur da ƙarfin lantarki. Da an ambace su sai ka ji an ce, "Ai batirin ne matsala." Mu da sana'armu ita ce buɗe waɗannan motoci, muna ganin an ɗora wa batir laifin da ba nasa kaɗai ba ne. Abin da ya fi kwantar da haibirid zafi ne, kuma ta ƙananan abubuwa yake samun ƙofa: fankar da ta cika da ƙura, famfon ruwan da ya tsaya, bututun da ya toshe.

Za mu kafa misali da Toyota Prius, wadda ta fito tun 1997, domin ita aka fi sanin cikinta. A samfurin 2004 zuwa 2015 na yau da kullum, batirin ƙulli 28 ne aka jera, kowanne bolt 7.2, jimilla bolt 201.6. Cikin kowane ƙulli akwai ɗakuna shida masu bolt 1.2. Kwamfutar motar ba ta bari ya cika fal ko ya ƙare ƙarƙaf, tana riƙe shi tsakanin kashi 40 da 80 cikin ɗari, kuma wannan ne sirrin daɗewarsa. Iska ce ke sanyaya shi, fanka na zuƙo ta daga cikin motar ta wata 'yar taga da ke gefen kujerar baya. Idan jaka ko rigar kujera ta rufe tagar, ko ƙura da gashi suka liƙe a fikafikan fankar, sai batirin ya yi ta dahuwa ba a sani ba. Ƙullukan tsakiya ne ke fara mutuwa, don su ne zafi ya fi taruwa a kansu. Daga nan sai fitilar gargaɗi ta kama, lambar matsala P0A80 ta fito a na'urar gwaji.

A nan ake yawan kuskure. Ana cire ƙulli ɗaya da ya mutu, a cusa wani, a goge lambar, a ce an gama. Bayan 'yan watanni fitilar ta dawo, domin ƙullin da aka saka bai yi daidai da sauran 27 ba wajen riƙe caji. Aikin da ya dace ya fi haka tsawo. Kwamfutar na auna batirin kashi 14, ƙulli biyu-biyu. A duba waɗannan lambobi 14 a lokacin da motar ke jan wuta sosai, ba tana hutawa ba. Kashin da ya faɗi ƙasa da sauran da kusan bolt 1.2, ɗaki ɗaya ya mutu a cikinsa. A kwance farantan tagullar da ke haɗa ƙullukan a kankare koren tsatsar da ke kansu, don ita kaɗai tana iya sa kwamfuta ta yi wa lafiyayyen batir ƙarya. A wanke fankar. In kuma sai an canja ƙulli, a gwada ƙarfin kowanne, a yi musu caji da saukewa har su daidaita. Batirin da ya tsufa gaba ɗaya kuwa, faci ɓata kuɗi ne.

Dogon ajiya ma yana kashe shi, domin irin wannan batir yana zubar da caji ko ba a taɓa shi ba. Motar da ba a fita da ita, a kunna ta a fili mai iska har alamar READY ta fito a allon gaban direba, giya na kan P, a bar ta kamar awa ɗaya a mako.

Sai inbata, akwatin da ke gaban mota wanda ke juya wutar batir ta koma irin wadda injinan lantarki ke so. Yana ɗaga ta zuwa bolt 500 a samfurin 2004, zuwa 650 a na 2010. Hanyar ruwan sanyinsa daban take da ta inji, da nata famfon lantarki. Famfon kan tsaya ba tare da wata ƙara ba, sai dai mota ta rage ƙarfi ana cikin tafiya, P0A93 ta fito. Gwajinsa bai kai minti ɗaya ba: tun mota na da sanyi, a buɗe murfin tankin ruwan inbata, a kunna, a leƙa. Ruwan na motsi, famfo na aiki. Ya kwanta lif, kada a ci gaba da tafiya. A watan Fabrairun 2014 Toyota ta kira Prius miliyan 1.9 a duniya don gyara manhajar da ke barin wasu sassan inbata su yi zafi fiye da kima. Mai sayen tsohuwar mota ya bincika da lambar jikinta ko an yi mata wannan aiki.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda ake mance cewa akwai injin fetur a ciki. A injin lita 1.8 na samfurin 2010 zuwa 2015, akwai hanyar da ke maido da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙonewa, ana kiranta EGR. Baƙin toka kan toshe akwatin sanyaya hayaƙin, da bawul, da ƙananan ramuka huɗu da ke cikin bututun shigar iska. Idan suka toshe, zafin ƙonewa ya hau, gasket ɗin tof, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya fara sakin ruwa cikin silinda. Alamarsa inji ya yi ta girgiza da ƙwanƙwasa a tashin farko da safe, ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, sannan P0300 ko P0301. Da yawa kan canja fulogi su tafi. Shawararmu a kwance sassan nan duka a wanke su duk kilomita 80,000 zuwa 100,000. Baƙin mai kuwa 0W-20 ne, kuma a canja shi in lokacinsa ya yi ko kilomita ba su cika ba, saboda injin da ke ta kunnawa da mutuwa a gajerun tafiye-tafiye ba ya yin zafin da zai ƙone raɓa da fetur ɗin da suka sauka cikin man.

Prius ba ta da kik, ba ta da altanato. Ƙaramin batir mai bolt 12 ne ke tada kwamfutoci, su kuma su haɗa babban batir. In ya yi rauni sai fitilu su kama barkatai, READY ta ƙi fitowa. Shi ake fara aunawa kafin komai.

Kwamfireson na'urar sanyaya cikin mota na lantarki ne, man da ake kira ND-11 yake sha. Aka zuba masa man kwamfireson sauran motoci, wuta za ta fara yoyo zuwa jikin mota, P0AA6 ta fito, wani lokacin mota ta ƙi tashi.

Kada kuma a yi wa haibirid kuɗin goro. Giyar Prius ba ta da bel ko kulocin canja giya. Haƙoran ƙarfe ne ke raba ƙarfi tsakanin inji da injinan lantarki biyu, man giya ATF WS kawai take buƙata, kuma da wuya ta lalace. Hyundai Ioniq da Kia Niro giya shida mai kuloci biyu gare su, akwai abin da ke cinyewa, musamman a cunkoso. Honda Fit haibirid ta 2013 an kira ta gyara fiye da sau ɗaya a Japan saboda manhajar giyarta mai kuloci biyu, Civic haibirid ta 2006 zuwa 2008 kuma batirinta ne ya riƙa gajiya da wuri.

Idan Prius ta tsaya a hanya, kada a ja ta tayoyin gaba na ƙasa. Suna juyawa, injin lantarki na haifar da wuta, wutar na iya ƙone inbata. A ɗora ta kan motar ɗauka. Kada a daɗe a giyar N cikin cunkoso, domin a N batirin ba ya samun caji.

Ga 'yan'uwanmu makanikai, duk wayar da ke da launin lemo wayar babbar wuta ce, tana kisa. A kashe mota, a nisantar da makulli, a cire ƙafar nagetif ta ƙaramin batir, a sa safar hannu mai jure bolt 1,000, a zare fulogin tsaro na babban batir a sa shi a aljihu don kada wani ya mayar. A jira minti 10 wutar da ta taru a inbata ta sauka, sannan a auna da mita a ga sifiri kafin a kai hannu.

Mun gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wasu makanikai masu gyaran motocin haibirid