Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Karate

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi, malamai da iyayen yara.

A babban taron bara mun yanke shawarar cewa ba za a ƙara koyar da kata (jerin motsin faɗa da mutum ke haddacewa ya yi shi kaɗai) a filinmu ba sai an haɗa da bunkai, wato a gwada kowane motsi a jikin abokin atisaye. Kusan duk aikin bana a kan wannan ya tafi. Iyaye sun sha tambayarmu ko rawa muke koya wa 'ya'yansu, kuma suna da hujja: yaro kan haddace kata irin Heian Shodan tun daga farko har ƙarshe, amma bai san aikin da hannunsa yake yi ba.

Mun fara da zaman tarihi bayan atisaye. Mun bi asalin kata zuwa tsibirin Okinawa, zamanin masarautar Ryukyu, wadda ke cinikayya da China. Kanryo Higaonna ya je birnin Fuzhou na lardin Fujian ya yi karatun faɗa, kuma ta hannunsa kata mai suna Sanchin ta isa ga almajirinsa Chojun Miyagi, wanda ya kafa salon Goju-ryu. Anko Itosu shi ne ya tsara kata guda biyar da ake kira Pinan a farkon ƙarni na 20 domin 'yan makaranta. Almajirinsa Gichin Funakoshi ya kai karate Tokyo a 1922, daga baya sunan Pinan ya koma Heian, sunan kata ta Naihanchi ya koma Tekki. Wannan ya nuna wa ɗalibanmu cewa an saukaƙa musu hanya ne da gangan, amma dabarun kare kai suna nan a ciki.

Inda muka fi daɗewa shi ne hikite, hannun da ake ja da shi zuwa ƙugu. Da can yara kan mayar da shi fanko. Bana kowa ya koyi cafke wuyan hannu ko rigar abokin gwaji ya fizgo shi, ɗaya hannun kuma ya kai duka. Gedan barai, wato tare duka da share hannu zuwa ƙasa, shi ma mun gwada shi wajen kuɓutar da hannun da aka riƙe da kuma kayar da mutum. Manyan ɗalibai sun zauna a kan Tekki Shodan, wadda Choki Motobu, wani malamin karate na Okinawa, ya ba muhimmanci ƙwarai saboda faɗan kusa da kusa. A ganina wannan ne mafi amfanin abin da muka yi, domin mai neman cutar da kai ba daga nesa yake tsayawa ba. Ajin mata, ƙarƙashin malama mace, ya fi kowane aji saurin kama wannan darasi.

A watan azumi mun mayar da atisaye bayan sallar asham, mun kuma rage tsawonsa. Damina ta hana mu wasu ranaku saboda filin ba rufi. A jarrabawar bel, duk wanda ya kasa nuna bunkai an ɗage masa zuwa zagaye na gaba. Wasu iyaye ba su ji daɗi ba, amma kwamiti bai janye ba.

Ma'aji zai karanta bayanin kuɗi a taro. Babbar buƙatarmu ita ce katifun ƙasa, domin baɗi za mu shiga kata mai suna Bassai Dai da dabarun kayarwa, kuma ba za mu yi su a kan siminti ba. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya kafin ranar taron.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya